Ƙasar Gidan Su Telmo

Masu bibiyata, sannunku da jimirin jira. Na karanta saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in daina yi wa Telmo yanga kafin wata ta ɗauke mini shi. Na ji, 'yar'uwa. Gyara zama ki ji abin da ya faru ranar Lahadi, sai ki sake yanke mini hukunci.

Waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Cidália, 'yar marigayi Armindo, ni kaɗai iyayena suka haifa. Gidanmu yana can saman Cerro do Melro. Abin da Baba ya bar mana gangaren dutse ne cike da bishiyoyin sobreiro, waɗanda ake ɓare ɓawonsu duk bayan shekara tara a yi marfin kwalba da shi. Na yi karatun aikin gona a Faro, na samu aiki mai ofis da kujera mai juyawa, bara na ajiye shi na dawo gida. Har yau in Mama ta tuna sai ta dafe kai.

Ciwon bushewa ne ya dawo da ni. A cikin ƙasa yake, ido ba ya ganinsa. Yana bin ruwa, yana bin lakar da ta maƙale a kofaton tunkiya ko tayar mota ko ƙasan takalmi. In ya isa gindin bishiya sai ya cinye siraran saiwoyin da take shan ruwa da su, ta tsaya a tsakiyar damina tana mutuwa da ƙishirwa. Kwarin da ke ƙasa da mu ya riga ya ƙare. Gangarenmu ne ya rage, don mu ne a sama, ruwan kowa ba ya sauko mana. Na zagaye shi da shingen waya, na ajiye baho da buroshi a bakin ƙofa. Ko wane ne kai, sai ka wanke takalminka kafin ka taka mini ƙasa.

Makamina kuwa marioila ce, ɗan tsiron nan mai ganye kamar an barbaɗa masa toka, wanda ko akuya ba ta ɗaga kai ta dube shi. Wata malamarmu a Faro ta nuna mana cewa ciwon ba ya iya cin saiwarta, kuma ruwan saiwar yana karya shi a ɗakin gwaji. A ɗakin gwaji fa na ce. A kan dutse babu wanda ya ba ni tabbas, ni ce na ce sai na gwada. Nakan haƙo saiwar in wanke, in shanya a inuwa, in daka a turmin Kaka, in jiƙa a barasa ta yi makonni, in tace da tsohon zanen gado, sannan in bi bishiyoyi ina zubawa. Barasar kuwa, Allah Ya jiƙan Baba, giyar medronho ce da ya dafa da hannunsa ya jera tuluna a ɗakin ajiya. Ranar da Tia Alzira, yayar Babana, ta gane inda giyar ƙanenta take tafiya, sai da ta nemi wuri ta zauna.

"Mutane suna shayar da baƙi," in ji ta, "ke kina shayar da itace."

Yanzu tulunan Baba sun ƙare. Jarka biyu ta magani ta rage mini, sabon jiƙon kuma ba zai nuna ba sai bayan Kirsimeti. Jarkokin nan biyu na Tsohuwa ne, bishiyar da ta fi kowacce girma, can a ƙolin gangare. Duk bishiyar da aka ɓare akan rubuta mata lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti. Ta Tsohuwa Baba ne ya rubuta a ɓararsa ta ƙarshe, lambar bakwai ce mai karkatacciyar ƙafa irin tasa, kuma tana nan raɗau. In na rasa kowace bishiya zan iya haƙura, ban da ita.

To, ranar Lahadi.

Tun da na fito daga wanka na san akwai wata a ƙasa. Mama, wadda tun rasuwar Baba ba ta rabu da baƙaƙen kaya ba, ta ɗaura ɗankwali ruwan toka, ta sa 'yan kunnen zinarinta na aure. An fito da farantai masu shuɗin zane daga kabad, waɗanda ko ranar Ista ba a taɓa su. An shimfiɗa farin ƙyalle mai saƙar Kaka a kan teburin tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi. A kan gadona kuma na tarar da koriyar rigata mai ƙananan furanni, an goge ta har tana neman tsayuwa da kanta.

"Mama, Fadan cocinmu ne zai zo cin abinci?"

"Sa rigarki."

"Zan hau wajen Tsohuwa. Kwana nawa ke nan kin ɗaure ni da shafa wa gida farar ƙasa ban leƙa ta ba, ga hadari yana haɗuwa."

"Tsohuwa ta ga hadari tun ba a haifi kakanki ba. Sa rigarki."

Ina fitowa Tia Alzira ta cafke hannuwana, ta raba lemon tsami biyu ta hau dirza mini yatsu.

"Dubi hannu kamar na majemi. Wane namiji ne zai sa zobe a wannan?"

"Wanda yake so, Tia."

"Bakin ubanki sak. Shi ma haka ya yi ta yi mini har ya tafi."

Wayata ta yi motsi a aljihu. Na ƙwace hannu ɗaya na duba. Telmo ne.

"Kin sa koriyar?"

"Wa ya gaya maka akwai koriya? Me kuke ƙullawa?"

"Abinci."

"Telmo."

"Na rantse abinci ne. Da ni. Da Mamata."

"Mamarka za ta wanke takalmi?"

"Na sa mata silifas a jaka. Ki yi mini addu'a."

Na yi dariya ni kaɗai, Tia ta harare ni.

Bari in gaya muku wane ne Telmo, don waɗanda ba su san shi ba. Mai ɓarar ɓawo ne, kuma a duk tsaunukan nan babu wanda gatarinsa ya fi nasa tausayi. Zai yanka ɓawo ya ɗaga shi falle guda bai ko ƙwarzani jikin bishiyar ba. A waya bakinsa ba ya mutuwa, amma in muna ido da ido sai ya koma bebe, ya yi ta murza hula. Gidansu a kwari yake. Bushewa ta share musu gona, bishiya ɗaya tak ta rage a bayan gida, inda mahaifinsa Ti Custódio yake wuni a kujera tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ne mutum na farko da ya wanke takalmi a bahona bai yi mini ba'a ba. Ina jin tun ranar zuciyata ta karkata, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Da azahar suka iso. Ya ajiye motarsa a wajen waya kamar yadda doka ta ce. Ya sa farar riga mai dogon hannu, an maɓalle ta har wuya, da sabon takalmi mai ƙara. Na hango shi ya durƙusa yana lallaɓa mahaifiyarsa Dona Ermelinda ta cire takalmin cocinta, ita kuma tana magana da sama, ba da shi ba. Ta shigo cikin silifas da jakarta a hammata, fuska kamar an aiko ta karɓar gaisuwar mutuwa. Shi kuma yana rungume da babban kwando an rufe shi da ƙyalle mai ja da fari. Na ɗauka burodi ne ko kek. Kun ji wautata, na tsare takalmi na bar kwando.

Aka ci farfesun rago da dankali, da burodin da Mama ta gasa tun asuba, da zaitun, da cukun akuya. Aka yi hirar wanda ya mutu da wadda ta haihu. Telmo bai ci loma uku ba. Da aka kawo busasshen ɓaure da kofi, Dona Ermelinda ta goge baki ta dubi ɗanta.

"To, ai sai ka tashi. Ko ni zan yi maka?"

Ya miƙe har kujerarsa ta kusa faɗuwa. Ya ɗora kwandon a kan farin ƙyallen Kaka ya yaye murfin.

Tukunyar ƙasa ce, da ɗan dashen sobreiro a ciki, tsawon kamu ɗaya, ganyensa kore shar.

Ku 'yan birni ba lalle ku sani ba. A ƙauyukanmu na kan dutse, da can saurayi ba ya fara zuwa da zobe. Dashe yake kawowa, daga 'ya'yan bishiyar gidan ubansa, a cikin ƙasar gonar ubansa, a dasa a gonar su yarinya, ƙasa ta haɗu da ƙasa. Dashen biyu ne. Na farko uban yarinya yake dasawa a ɓoye, alamar gida ya amince. Na biyu saurayi da budurwa suke dasawa a gaban mutane. Ba a tumɓuke dashe sai in magana ta mutu. Yanzu ba kowa ke yi ba, amma tun ina ƙarama nake cewa ni da dashe za a tambaye ni. Ashe Telmo ya ji, ya riƙe.

"Cida," ya ce, yana murza hular da ba ta hannunsa. "Daga bishiyar Baba ne. Tun bara na tsince 'ya'yan. Baba da kansa ya cika tukunyar, da hannun nan nasa guda mai aiki. Ya hana kowa ya taya shi."

Tia ta fara share hawaye. Mama ta haɗa hannuwa a ƙirji.

Ni kuwa ƙasar nake kallo. Tamu ja ce mai tsakuwa. Wannan baƙa ce mai danshi, ƙasar kwari, daga tsakiyar inda kowace bishiya ta mutu. Bari in rubuta muku ƙarara, tunda kun daɗe kuna tambaya: ina son Telmo. A lokacin nan da yake tsaye cikin rigar da ta shaƙe masa wuya, na so shi fiye da kullum, kuma na san abin da zan faɗa zai yanke shi.

"Daga ina aka ɗebo ƙasar?"

"Daga gindin bishiyar mana."

"Telmo, ba zan iya dasa wannan a nan ba."

Telmo ya dubi tukunyar, ya dube ni.

"Ai bishiyar lafiyarta ƙalau," ya ce a hankali. "Kwarin duk ya mutu, ita tana tsaye. Shi ya sa na zaɓe ta. Na zaci irin da ba ya kamuwa na kawo miki."

"'Ya'yanta zan karɓa da hannu biyu. Ka kawo mini su a aljihu, in wanke in shuka. Ƙasar ce ba za ta shiga ba."

"Dashe babu ƙasar gidan miji ai ba dashe ba ne," in ji Tia. "Tsiro ne kawai, a kasuwa ma ana sayarwa."

Dona Ermelinda ta ajiye kofinta, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Wato ƙasarmu ƙazanta ce."

"Ba haka na ce ba, Dona Ermelinda."

"Na cire takalmi na yi shiru. To bari ki ji, yarinya. A kan ƙasar nan na haife shi, a kanta ya yi rarrafe, ya dumbuza ya kai baki ba sau ɗaya ba. Shi ma sai ki tsoma shi a bahon naki kafin ki aura. Mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa ya wuni yana cika miki tukunya, ke kuma kina shinshina ta kamar kifin jiya."

Maganar ta shige ni, don duk gaskiya ce. Mama ta kamo gefen rigata.

"Cidália, dube ni. Na bar ki kin ajiye aiki. Na bar ki kin tuttular da giyar ubanki a ƙasa. Na bar ki kin sa Fada wanke takalmi kamar ɗan makaranta, gari duk ana yi da mu. Wannan guda ɗaya, ki yi mini ita. Ƙasa ce cikin tafin hannu."

"Cikin cokali ma ya isa, Mama."

Na ɗauki tukunyar da hannu biyu, a hankali don kada ko ƙwaya ta zube. Na ratsa tsakar gida kowa yana kallona, na fita ƙofar waya, na ajiye ta a bakin titi kusa da motar Telmo. Na wanke hannuna a baho. Ina dawowa, a tsakiyar hanya, ƙafafuna suka tsaya da kansu.

Dashe biyu ne.

Ban san lokacin da na isa teburin ba.

"Mama, ina na farkon?"

Ta hau gyara cokulan da ba su karkace ba.

"Mama."

"Ubanki ba ya nan da zai dasa," ta ce, idonta a kan ƙyallen. "Sai in bar 'yarsa a tambaye ta babu amincewar gida? Ermelinda ta ba ni shi a coci, na shigo da shi a jakar cefane. Ranar da kika tafi São Brás sayo barasarki na hau. Na kai masa. A gindin Tsohuwa, ƙarƙashin rubutunsa, don ya shaida."

"Kin ba shi ruwa?"

"Safe da yamma. Mahaukaciya ce ni da zan bar sabon dashe babu ruwa?"

Matar nan gwiwarta ba ta barinta ta hau matakalar coci sai an riƙe ta. Ita ce ta yi ta hawa dutsen nan da bokiti, a ɓoye, tana kai wa mijinta albishir. Na rasa inda zan sa fushina. Can yamma aka yi tsawa mai nisa. In ruwan sama ya sauka a kan ƙasar nan, zai ɗauki abin da ke cikinta ya raba wa saiwar Tsohuwa da duk bishiyar da ke ƙasa da ita.

Na juya na nufi ɗakin ajiya. Tia ta sha gabana, da lemon tsamin ɗazu har yanzu a aljihun gabanta.

"Ke 'yar nan, tsaya. Kin san abin da ake nufi in 'yar gida ta tumɓuke na farko. Gidan nan ya ce a'a ke nan, kuma ba a mayarwa. Na ga an yi sau ɗaya ina budurwa, gidajen nan biyu har yau ba sa gaisawa."

"Na sani, Tia."

"Itace ne fa."

"Na sani."

A bayana na ji Dona Ermelinda tana cewa, "Telmo, ɗauko mini takalmina. Mun ci abinci, mun gode." Na ji ƙarar sabon takalminsa yana bin ta zuwa ƙofa. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan hau dutsen ba.

Na zura takalman aikin Baba a ƙarƙashin koriyar rigata. Na loda baro: shebur, fartanya, buhunan leda, bokiti, gorar ruwa, da jarkokina biyu. Na tura. Wanda bai taɓa tura baro a hawan dutse cikin rigar da aka sa wa sitaci ba, kada ya ce ya san wahala. Ɗinkin hammata ya ɓarke tun ban yi rabi ba. Iska ta taso tana kaɗa marioilar da na dasa layi-layi tsakanin bishiyoyi. Ina tafe ina kuka ina zagin baron.

Na same shi a bayan Tsohuwa, daidai ƙarƙashin bakwai ɗin Baba. Mama ta zagaye shi da fararen duwatsu, ta ɗaura masa ɗan zare daga baƙin ɗankwalinta na takaba. Ƙasar wurin jiƙe take sharkaf. Na kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga fartanya.

"Ba ni."

Telmo ne, yana haki. Ya ɓalle maɓallin wuya. Ƙafarsa babu takalmi, wandonsa a naɗe, yatsunsa sun jiƙe da ruwan baho, tsakuwa ta yanke shi a dunduniya.

"Ina takalmin?"

"Na taka titi da shi. Ba ni da lokacin buroshi. Ba ni fartanyar, Cida."

"In hana ni ka zo yi, ka koma. Ko kai ko Fada ko Mama, sai na cire shi."

"Na san sai kin cire. Wa ya isa ya hana ki abu?" Ya miƙo hannu. "In ke kika tumɓuke, gidanku ya ƙi ni, an rufe ƙofa. In ni na tumɓuke, ni na janye tambayata. Wanda ya janye kuwa ba a ce ba zai sake tambaya ba. Na tambayi Tia a ƙofa, ta ce ba ta taɓa jin an hana ba."

"Mamarka fa?"

"Tana mota. Ta ce in na hau dutsen nan in nemi wanda zai wanke mini riga."

Mutumin da ba ya iya haɗa jimla biyu a gabana, yau ga shi da zance kamar lauya. Na miƙa masa fartanyar.

"Kada ka sare shi. Ka zagaye shi da faɗi, har inda ruwan Mama ya kai. Duk ƙasar a buhu za ta, ko ƙwaya kada ta faɗi gefe."

Ya haƙa kamar yadda yake ɓara, a natse, yana kauce wa manyan saiwoyin Tsohuwa. Ni ina riƙe buhu yana zubawa. Farar rigarsa ta koma ja. Sai da ya zagaye dashen tas, sannan ya sa hannu biyu ya ɗago shi da ƙasarsa. Ya tsaya yana kallonsa, zaren Mama yana lilo.

"Ki duba dai," ya ce. "Wataƙila lafiya lau yake, mun tayar da hankalin tsofaffi a banza."

Wallahi na yi fatan haka, ko da za a yi mini dariya har in tsufa. Na sa dashen a bokiti, na zuba ruwan gora, na wanke ƙasar da yatsuna. Saiwar dashe mai lafiya fara ce, da gashi-gashi kamar gemun masara. Wannan babu gashin. Abin da ya rage baƙi ne, yana saɓulewa a hannu, da ɗan wari mai tsami.

Na nuna wa Telmo. Shekararsa nawa a cikin bishiyoyi, ba ya buƙatar bayani. Na ga fuskarsa ta canja, ya juya yana kallon kwari, inda rufin gidansu yake da ɗigon kore guda ɗaya a bayansa.

"Daga gindinta aka ɗebo," ya ce. "Ke nan ita ma..."

"Tana iya jurewa. Wasu suna daɗewa."

"Kullum da safe sai ya sa an juya masa kujera yana kallonta. Cewa yake, in dai tana tsaye shi ma yana nan."

Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya. Na buɗe jarka ɗaya na tuttula a ramin, a hankali, ina bin bango da ƙasan, har ƙamshin giyar Baba ya cika wurin. Ta biyun ta zagayen gindi ce, haka na tsara tun farko, kuma yau Tsohuwa ta fi kowace rana buƙatarta. Na kama marfin. Na dubi bakwai ɗin Baba. Na dubi dunduniyar Telmo tana jini a kan ƙasata.

Na saki marfin, na tura jarkar da ƙafa zuwa gabansa.

"Wannan ta Ti Custódio ce."

"Cida, ba ki da wata sai bayan Kirsimeti."

"Na fi ka sani. Ɗauka kafin in canja ra'ayi, don ina gab da canjawa."

"Ɗaya za ta ishi Tsohuwa?"

"Ban sani ba."

Kuma har yanzu da nake rubuta muku ban sani ba. Can ƙasa Dona Ermelinda ta danna hon, ta sake dannawa, sannan ta ɗora hannu ba ta ɗaga ba. Telmo ya saɓa jarkar a kafaɗa, ya yi taku biyu ya tsaya.

"Mama ba za ta bari in zuba ba, in ta san daga hannunki ya fito."

"To kada ka zuba. Ka ajiye a inuwa. Ka gaya mata gobe da safe ina nan zuwa in zuba da kaina, ta tanadi duk abin da za ta faɗa mini, zan tsaya in ji. Kai kuma ka tsinto mini 'ya'yan bishiyar, ka zo da su a aljihu."

Ya gangara ba takalmi, jarkar tana ƙara a kafaɗarsa. Ruwan ya sauko da ƙarfinsa. Na durƙusa cikin koriyar rigata na ci gaba da kwashe bakin ramin da hannu ina cusawa a buhu, ruwa yana bin jikin Tsohuwa yana wanke rubutun Baba, yana gangarowa gindinta.